Ku bar ɗiyar ga ta rubuta fadamarta

Tun daren jiya abin ga yake ci min rai. Kun dai ga yadda anka yi ma yarinyar nan marubuciya ca a guruf ɗinmu na karatun labarai don ta saki shafi na goma sha biyu na labarinta, har ta ce ta aje labarin. Wai babu soyayya sai tsuntsaye da haki, wai labari ba ya tahiya. Wallahi ba ku kyauta ba.

Jarumar labarin yarinya ce ta taso hannun kakarta a bakin fadama, uwa ta rasu, uba ya yi kudu bai waiwayo ba, 'yan unguwa sun hana ɗiyansu wasa da ita. To da wa kuke so ta yi hira? Wanda bai da kowa ai da abin da ke gabanshi yake zama. Balbela ce gabanta, ita ta sani. Shafin da kunka ce ya yi tsawo, inda take ƙirga kwanaki tana jiran dawowar shamuwa don ita kaɗai ce ke tahiya kuma ta komo, ni nan na aje waya na yi shiru. Duk wanda ya tashi ƙauye ya san in shamuwa ta sauka kan itacen gari damina ta ƙarato, amma ban taɓa ganin wanda ya ɗauki wanga abu ya nuna maraici da shi ba sai ita.

Kuma masu cewa babu soyayya, yaron da ke aje mata magarya kan kututture ya wuce bai ce uffan ba, shi mi ne? Sai an shigo da mota da leda cike da kaya kafin ku yarda so ne?

Na ji masu cewa ai mai karatu nishaɗi yake nema. Naku na nan birjik, kullum sai an saki sabo, ba wanda ya hana ku. Guda ɗaya tak ta ce bari ta rubuta ƙasarmu yadda take, kunka taru kanta. Mu nan Sakkwato da Gulbin Rima ke ratsa mu, in ka hau gadar Kwalkwalawa da sassahe za ka ga masunta cikin kwalekwale da masu ban ruwan albasa, ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40, ga ambaliyar 2010 da ta yanke hanyar jami'a, duk wanga bai isa shiga littafi ba? Yaranmu sun iya kwatanta falon Abuja da ba su taɓa shiga ba, amma ka tambaye su wane itace ke zubar da ganye da damina ya yi kore shar da rani su yi zuru. Gawo ne. Marubuciyar ta sani, har ta sa jarumarta na kwana ƙarƙashinshi.

Ƙanwata in kina ganin wanga rubutu, don Allah ki ci gaba, ko mu uku ne za mu karanta.

Af, gawon da na ambata, akwai wani babba bayan gonar kakanmu wajen Wamakko da muke hutawa muna yara, awaki na tsintar 'ya'yanshi. Da na je sallar bana kututture na tarar, an sare an yi gawayi, ba wanda ya ma gaya mani.