Katin hannu da zumuncin ƙafa

Ranar da Baffa ya rasu ina nan Leeds a Ingila, daga ni sai yara, maigidan yana wurin aiki. Na san a daidai wannan lokacin gidanmu na Zariya ya cika ya batse, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mata na ta sallama suna shiga ana "ya haƙuri". Ni kuwa nan shiru kamar an yi ruwa an ɗauke. Bayan kwana biyu na ji motsi a 'yar kafar wasiƙa ta jikin ƙofa, na leƙa, ga ambulan a ƙasa. Maƙwabciyata ce, wata dattijuwar Baturiya da bango ɗaya ya raba mu. Ta zo har bakin ƙofa, ta zura kati, ta juya. Ko ƙwanƙwasawa ba ta yi ba.

Raina ya ɓaci sosai. A wurinmu zumunta a ƙafa take, ta'aziyya kuma ba a aika ta da takarda alhali taku goma ne tsakani. Na jefa katin kan firji ban ko dube shi da kyau ba.

Sai bayan sati uku, da na shiga wurinta mayar da kwano, na ga ɗakin da katin ya fito. Tebur guda cike da hatimai, wasu na roba a jikin katako, wasu garai-garai kamar ruwa waɗanda ake mannawa a jikin ɗan falankin gilashin roba kafin a buga. Ga tawada kala-kala a cikin 'yan gwangwanaye masu soso, ga kwali an jera shi launi-launi, ga wani ɗan inji mai hannun juyawa kamar na taliyar Hausa, Big Shot sunansa, wanda ake sa ƙarfe mai siffar fure ko ganye a murza ya yanko takardar tsaf. Ta ce mini nawa katin ya ci mata yamma guda, domin sau biyu tana lalatawa. Ba ta ƙwanƙwasa ba ne wai don kada ta dame ni ina cikin jimami. Abin da ni na ɗauka rashin kula, a wurinta kara ce.

Da na dawo gida na ɗauko katin na dube shi. Reshen itace ne fari a kan kwali ruwan toka, ya ɗan taso, idan ka shafa za ka ji shi a yatsa. Daga baya ta koya mini yadda ake yin sa: a buga hatimin da wata tawada marar launi mai danƙo, a barbaɗa wani gari a kai, a kakkaɓe ragowar, sannan a hura masa iska mai zafi da wata 'yar na'ura. Kana kallo garin zai narke ya haɗe ya yi sheƙi. Na yi wannan ya fi sau ɗari yanzu, har yau idan garin ya fara juyawa sai na kira yara su zo su gani.

Mutanen nan da kati sai Allah. Haihuwa kati, sabon gida kati, cin jarrabawar tuƙin mota kati, barin aiki kati wanda duk ofis za su sa hannu. Wanda ya cika shekara 100 ma Sarki yana aika masa nasa. Ba a ɓoye su a durowa, jerawa ake yi a saman murhun falo ko bakin taga, baƙo ya gani ya san kana da mutane. Asalin abin ma akwai ban dariya. A 1840 aka sauƙaƙa kuɗin aika wasiƙa a Ingila ya koma kwabo ɗaya, wasiƙu suka yi yawa. A 1843 wani ma'aikacin gwamnati, Henry Cole, ya sa mai zane John Callcott Horsley ya tsara masa katin Kirsimeti, aka buga guda 1,000, aka sayar da kowanne sule ɗaya. Wato katin shago tun farkonsa dabara ce ta rage wahalar rubuta wa kowa tasa wasiƙar. A nan zargina na farko yana da gaskiya. Ka shiga shagon kati na Card Factory ka ɗauki kati da kuɗin da bai kai na kofin shayi ba, wani ya riga ya rubuta maka kalaman, kai dai sa hannu ne naka.

Masu yin na hannu wahalar da Cole ya gudu suke dawowa da ita da gangan. Su ba sauƙi suke nema ba, arha ma ba ta cikin lissafi, don duk wanda ya taɓa shiga Hobbycraft, shagon kayan aikin hannu, da niyyar sayen gam kaɗai ya san yadda ake fitowa. Abin da ke cikin ambulan ɗin lokaci ne. Shi ne kuma abin da ke cikin tattakinmu. Idan Gwaggo ta hau mota daga Kaduna ta zo barkar haihuwa, ba turmin atamfar da ta riƙo ake ƙirgawa ba, ranar da ta ɓata ake ƙirgawa. Dattijuwar nan ta ba ni yammacinta guda, sai dai ta ba ni shi a zaune.

Mu ma ba baƙin kati ba ne. Duk wadda ta yi makarantar kwana ta tuna katin fatan nasara lokacin jarrabawar fita, mai kiɗa idan an buɗe, da yadda ake ƙirga wa ta fi samu. Katin gayyatar biki kuwa har yau sai da shi, ko da yake a da goro da alawa ne ke yin aikin. Hannun yin abin ma muna da shi fiye da yadda muke zato. Mai sassaƙa hatimi da ke zama a bakin gidan waya da ƙofar sakatariya, da guntun roba da reza, yana yanka haruffa a juye ba tare da madubi ba, ya fi duk matan ajin koyon yin kati da nake zuwa ƙwarewa. Ga mai zayyanar allon sauka, ga mai zanen lalle, ga baduku. Sai dai ba mu taɓa ɗora wannan gwaninta a kan gaisuwa ba, saboda ba mu da buƙata. Ƙafa na yi mana aikin.

Matsalar tamu ce mu da muka yi nisa. Ƙafar ta yanke, mun kuma maye gurbinta da abin da ya fi katin shago lalaci. Ranar Sallah waya ta cika da hoton rago da jinjirin wata, iri ɗaya daga mutum talatin, har da alamar WhatsApp mai nuna an yi ta turawa. Ni ma na tura, ba na cire kaina. Amma mu daina yi wa Turawa dariya a kan kati alhali gaisuwarmu ba ta kai daƙiƙa biyu ba. Aƙalla mai katin shago ya fita cikin sanyi, ya sayi kan sarki da ya haura fam ɗaya da rabi, ya rubuta sunanka da hannunsa.

Ban ce kati ya isa ba. Da za a sake yi, har gobe na fi son ta ƙwanƙwasa, ta zauna ko ba ta ce komai ba. Na gaya mata haka, kuma da mijinta ya kwanta asibiti ban aika kati ba, tuwo da miya na kai na zauna har ta gaji da ni. Akwai kaɗaici a ƙasar nan da kwali ba ya maganinsa, kuma wani lokacin katin labule ne da ake ɓuya a bayansa don kada a haɗa ido da mai kuka.

Da azumin bara na ce bari in gwada na Sallah. Hatiman shago iyakarsu "Eid Mubarak", babu "Barka da Sallah", jerin haruffansu kuma ba ƙ, ba ɗ, ba ɓ, sai dai ka buga k ka ƙara mata lanƙwasa da biro. Na sayi manyan magogan fensir na zauna sassaƙa. Na farko na manta ban juya rubutun ba, da na buga sai ya fito kamar ajami, daga dama zuwa hagu. Dagin Arewa ya fi sauƙi tunda ta ko'ina ka juya shi ɗaya ne. Na raba kwali mai girman A4 biyu, na ja layi da bayan wuƙa kafin in ninke don kada ya tsage, na buga dagin da shuɗi mai duhu irin na marina, na zagaye shi da garin zinariya. Goma sha biyu na yi cikin dare huɗu bayan tarawihi, na ba wata mai tafiya gida.

Hajiya ta kira ni bayan Sallah da kwana biyu.

"Saƙonki ya iso. Na zazzage ambulan ɗin ban ga komai ba sai kwali."

"Shi ne saƙon, Hajiya. Da hannuna na yi."

Ta yi shiru, sannan ta ce, "To, Allah Ya yi albarka. Ashe aikin bai yi miki yawa ba a can."

Da ƙanwata ta turo hoton falon a watan jiya, na hango shi a cikin kabet, an jingina shi da kwanukan tangaran ɗin da ba a taɓawa sai an yi baƙi.