Adireshin MAC na isar da saƙo ne, ba kwaɗon ƙofa ba

Tunda kowace kwamfutar da ke kan intanet tana da adireshin IP, lambar da ake gane ta da ita, me ya kawo wani kuma da ake kira MAC? Amsar tana cikin akwatin nan mai kafofin waya da yawa da ke haɗa kwamfutocin gida ko ofis, wato suwic. Suwic na yau da kullum ba ruwansa da IP. MAC kaɗai yake karantawa, lamba mai bit 48 (kowane bit sifili ne ko ɗaya) da ke zuwa da katin sadarwar na'ura. Rabinta na farko galibi na kamfanin da ya ƙera katin ne, ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ke rabawa.

Abin da ke burge ni shi ne babu mai koya wa suwic komai. Saƙo ya shigo ta kafa ta uku, sai ya dubi adireshin mai aikowa ya rubuta cewa wane yana kafa ta uku. Idan wanda za a kai wa bai shiga littafinsa ba tukuna, sai ya watsa saƙon ta duk sauran kafofi. Da zarar mai shi ya amsa, an san mazauninsa, daga nan sai kai tsaye. Wanda ya yi shiru kuwa, a yawancin na'urori ana goge sunansa bayan daƙiƙa 300. Tsohuwar na'urar hob ba ta da wannan wayo, ita kowane saƙo shela ne, kowa sai ya ji.

Iyakar aikin ke nan. Saƙo na tsallake rauta, wato na'urar da ke haɗa gida ko ofis da intanet, an sauya masa MAC. IP ne ke yin doguwar tafiya.

Shi ya sa ban yarda da masu tsare wayifai ɗinsu da jerin adireshin MAC da aka amince da su ba. Suwic ba ya tantance kowa, abin da aka faɗa masa shi yake rubutawa. A wayifai kuma adireshin a fili yake yawo cikin iska ko da an rufe saƙon da kalmar sirri, mai ɗan sani zai iya kwafarsa ya ɗora wa tasa na'urar. Wayoyi ma sun daina riƙe lamba ɗaya: tun Android 10 a 2019 da iOS 14 a 2020, suna ƙirƙiro adireshi daban ga kowane wayifai da suka hau. Mai son tsaro ya kunna tsarin kulle wayifai na WPA2 ko WPA3, ya sa kalmar sirri mai wuyar canka.