Takardun asiransi da maganar tramol a Yamai

Duk wanda ke da asiransi a wurin aiki ya san yadda abin yake. Likita ya rubuta maka ordonansi, ka kai farmasi, su karɓi katinka, ka biya ɗan kasonka, sauran su aika wa kamfani ya biya. Abin da ba mu cika lura da shi ba, kowace takarda da ta tafi tana ɗauke da sunan mara lafiya, da likitan da ya rubuta, da farmasin, da sunan magani, da yawansa, da ranar da aka saya. In aka zuba waɗannan cikin kwamfuta, mutumin da ya karɓi tramadol, maganin ciwon da muke kira tramol, daga likitoci huɗu a wata guda, kowane a farmasi daban, ba shi da wurin ɓuya. Haka Amurka ke yi a tsarin Medicare, asiransin lafiya na gwamnatinta, tun da magungunan kashe ciwo suka zame musu annoba. Faransa ma tun 2020 ta hana rubuta tramadol na fiye da wata uku a takarda ɗaya.

Ni ina goyon bayan a riƙa bin takardun asiransi da kwamfuta haka a nan. Amma kada a ruɗe mu.

Tramol ɗin da ke cinye yaranmu ba ya bi ta farmasi. Na asibiti miligiram 50 ne ko 100, kuma likita ba ya wuce 400 a yini. Wanda ɗan kabu-kabu ke haɗiya da shayin safe mai 225 ne, daga hannun mai tire a bakin tasha, kuɗi hannu, ba takarda ba suna. Wannan aikin OCRTIS ne, ofishin yaƙi da fataucin miyagun ƙwayoyi, da duwan, kwamfutar kamfani ba za ta taɓa ganinsa ba. Masu asiransi a ƙasar nan kuwa ƴan ƙalilan ne.

Inda na fi jin tsoro shi ne yadda za a karanta lissafin. A gidajenmu kati ɗaya ne ke ɗaukar dangi. Inna ta zo daga Tahoua da ciwon gwiwa, ƙane ya faɗi a babur, duk da sunan maigida ake karɓo magani. Ba daidai ba ne, amma haka ake yi. A idon kwamfuta, wannan bawan Allah ɗan ƙwaya ne. Ga kuma mai sikila, wanda ciwo ke tayar da shi tsakar dare, ya tafi duk asibitin da ya samu a buɗe, ya ga duk likitan da ke gadi, ya sayi magani a farmasin da ke gadi a makon. Likitoci da yawa, farmasi da yawa, maganin ciwo mai ƙarfi: sak abin da aka ce wa na'ura ta nema. In aka rufe masa kati saboda haka, wallahi an zalunce shi.

Shi ya sa nake cewa a fara duba masu rubutawa da masu sayarwa. Likita ɗaya da ke rubuta tramadol da diyazefam, maganin kwantar da hankali, ga kusan duk wanda ya shigo, ko farmasin da ke neman kuɗin kwalayen da ba su taɓa fita daga kanta ba, su ne lissafi ke nunawa ƙarara. Mara lafiyan da sunansa ya fito kuwa, likita ne ya kamata ya kira shi ya tambaye shi, kuma kada takardar ta isa teburin shugabansa a wurin aiki.