Kunya ce ke cinye mana kuɗin MoMo

Da zarar an yi maganar satar bayanai, mutanenmu na Zango sukan ɗauka wani gwani ne can a Turai yake zaune gaban kwamfuta yana fasa asusun mutane. Abin da nake gani a unguwannin Aboabo da Asawase da Sawaba a Kumasi ba haka yake ba. Mafi yawan waɗanda aka cuta, da hannunsu suka buga lambar sirri, ko da bakinsu suka faɗe ta. Kuma ba wauta ce ta ja su ba. Kunya ce, da tausayi, da gudun kada a ce ba su yarda da mutum ba.

Tun 2009 MoMo, wato tsarin ajiya da tura kuɗi ta waya, ya shigo Ghana, yau har mai koko da mai waakye suna karɓar kuɗi ta waya. Amma ku tsaya minti goma a gaban rumfar ejan ku gani. Tsohuwa za ta miƙa wayar ta ce, “Ɗana, ciro mini sidi ɗari biyu,” yaron ya ce, “Hajiya, lambarki fa?” ita kuma ta faɗe ta da ƙarfi, mutum biyar na tsaye a bayanta. Yaron mai yiwuwa mutumin kirki ne, yawancinsu ma haka suke. To sauran biyar ɗin fa? Lambobi huɗu ne kacal, kuma da yawanmu shekarar haihuwa muka saka, wadda take rubuce ɓaro-ɓaro a jikin katin ɗan ƙasa, wato Ghana Card ɗin da muke ajiyewa a bayan rigar wayar. Wanda ya tsinci wayar ya tsinci komai.

Damfarar da ta fi yawa ba ta da wata fasaha. Saƙo zai shigo cewa an turo maka sidi ɗari biyar, sai kira ya biyo baya, murya na rawa: wallahi kuskure ne, kuɗin maganin mahaifiyata ne, ka taimaka ka mayar. Saƙon kuwa daga lambar mutum ya fito, ba daga kamfani ba, an dai kwaikwayi rubutun ne. Da za ka buga *170# ka duba asusunka, za ka ga ko kwabo bai shiga ba. Amma ya riga ya haɗa ka da Allah da Annabi, yana gaggauta ka, kai kuma ba ka so a ce ka ci haram. Wani kuma zai ce daga ofis yake, za a rufe layinka in ba ka buga lambarka a saƙon da zai bayyana yanzu ba. Wannan saƙon neman izinin cire kuɗi ne. Kai ne za ka amince masa. Ma'aikacin gaskiya ba shi da abin yi da lambar sirrinka, kuma duk wanda ya hana ka kashe waya ka yi tunani, to da walakin.

A WhatsApp ma haka. Wani zai kira ka da sunanka, ya ambaci ƙungiyar tsofaffin ɗaliban makarantarku ko ta bikin wance, ya ce za a yi taro ta intanet, an turo maka lambobi shida, karanto mini in saka ka. Waɗannan lambobi shida su ne na buɗe WhatsApp ɗinka a wata waya. Kafin la'asar yana rubuta wa ƙannenka da surukanka da sunanka da hotonka, wai ka shiga matsala, a turo wani abu. Akwai wurin saka lambar tsaro ta biyu a cikin saitin WhatsApp, aikin minti biyu ne, amma a cikin abokaina kaɗan ne suka yi.

Inda abin ya fi ba ni haushi shi ne manhajojin bashi. Mutum ya matsu da kuɗin makaranta, ya sauke manhaja, ta nemi izinin ganin lambobin mutanensa da hotunansa, ya danna na yarda bai karanta ba. Ranar da ya makara biya, sai saƙo ya je wa limamin unguwa da uwar matarsa cewa wane ɓarawo ne, har da hotonsa. A 2023 sai da jami'an EOCO, hukumar yaƙi da laifukan kuɗi, da Bankin Ghana da hukumar tsaron intanet suka kai samame a Accra, aka kama ɗaruruwan mutane kan wannan harka. Masu yin ta sun san mu sarai: ɗan Zango zai iya jure talauci, amma ba ya jure a tona shi a gaban surukai. A kan wannan suka gina kasuwancinsu.

Sai dai kada mu tsaya kan ɓarayi kawai, mu ma muna tona juna. An tsinci Ghana Card, sai a ɗauki hotonsa gaba da baya a watsa a Facebook, wai taimako. Alhali tun 2021 da wannan katin ake rajistar layin waya, bankuna ma shi suke nema. Mara lafiya yana kwance a asibiti bai san inda kansa yake ba, an ɗauke shi hoto ba riga ana neman taimako, ba wanda ya nemi izininsa. Kwana biyu sai ka ga hoton yana yawo da wata lambar MoMo daban. Ka kai waya gyara Adum, a ce buɗe mana, ka ba da makullin ka wuce Kejetia cefane, da hotunan iyalinka a ciki. Canjin gilashi ne fa. Ka cire layinka, ka zauna a yi a gabanka, in mai gyara ya ji haushi ya ji. Batun masu binciken wayar matansu cikin dare kuwa, ayar da ta hana bin diddigin asirin mutane tana nan a Suratul Hujurat, kuma ban ga inda ta ware waya ba.

Dokoki akwai su. Ta kare bayanan mutane tun 2012 aka yi ta, ta tsaron intanet kuma a 2020, wadda ta mai da watsa hotunan tsiraicin mutum ko yi masa barazana da su laifin ɗauri. Amma doka ba ta aiki a kan abin da aka ɓoye. Alhaji an kwashe masa jarin shanunsa, ya yi shiru don kada yara su ce an yi masa wayo. Yarinya ana karɓar kuɗinta duk mako da barazanar hoto, ba ta iya gaya wa uwarta. Shirun nan shi ke ba ɓarawo damar kiran maƙwabci gobe da lamba ɗaya da labari ɗaya.

Shi ya sa nake ganin maganar nan ta wuce a bar wa tallan rediyo. Limamanmu su yi ta a huɗuba da Hausa, a yi ta a wurin suna da ɗaurin aure, a koya wa iyayenmu buga lambarsu da kansu ko da za su ɗauki minti biyar layi na jira. Wanda abin ya riga ya faɗa wa kuma, kada ya goge saƙon ko lambar da ta kira shi. Ya sanar da kamfanin layinsa nan take, sannan ya kira 292, layin hukumar tsaron intanet, ko ya tura musu saƙo.