Rabon tallafin abinci yana tsallake waɗanda suka fi buƙata

A shekarar 2015 ƙasashen duniya suka yi alkawari a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya cewa za su kawar da yunwa kafin 2030, amma rahoton hukumomin majalisar ya nuna cewa mutane kimanin miliyan 733 ne suka yi fama da yunwa a 2023. Wannan kaɗai ya isa abin kunya. Abin da ya fi ƙona mini rai kuwa shi ne yadda ɗan tallafin da ake samu yake wuce mutanen da muka sani, waɗanda muke gaisawa da su kullum.

Mun san uwar da ke raba wa 'ya'yanta abin da ya rage, idan suka tambaye ta nata sai ta ce ta riga ta ci, alhali tun jiya ba ta sa komai a baki ba. Mun san dattijon da ya yi ritaya, kuɗin fanshonsa yana ƙarewa tun wata bai raba ba, ya fara sayar da kayan ɗakinsa ɗaya bayan ɗaya a ɓoye. Irin waɗannan mutane ba za su taɓa shiga turereniya ba, domin gara su kwana da yunwa da su zubar da mutuncinsu a bainar jama'a.

To, yaya ake rabon? Wani mai uwa a gindin murhu ne yake rubuta sunaye, ya fara da danginsa da 'yan korensa, ba tare da an bayyana wa kowa ƙa'idar da aka bi ba. Wanda ba shi da katin shaida ko lambar waya, an cire shi tun kafin a fara. Sauran kuma a tara su tun da asuba, tsofaffi da masu goyo da masu ciki, su wuni a tsaye cikin rana, sai jami'i ya fito ya ce kaya sun ƙare, a dawo wani lokaci. Wanda ya dace ya samu, ba za a sake masa buhun ba sai ya tsaya an ɗauki hotonsa an watsa a Facebook. Wallahi wannan cin mutunci ne, kuma yana korar mabuƙata na gaskiya.

Yara ne suka fi ɗanɗana kuɗar wannan sakaci. Likitoci sun daɗe suna gargaɗi cewa yaron da ya rasa abinci mai gina jiki a kwanaki 1,000 na farko, daga ɗaukar cikinsa har ya cika shekara biyu, yana iya tsumburewa a jiki da ƙwaƙwalwa, kuma da wuya a gyara wannan illa daga baya. A 2022 yara 'yan ƙasa da shekara biyar kimanin miliyan 148 ne ke cikin wannan hali. Ga shi kuma a 2025 Amurka ta rushe hukumarta ta ba da agaji, wasu ƙasashen Turai suka rage gudummawa, har Hukumar Abinci ta Duniya ta rage rabo a ƙasashe da dama, saboda haka duk buhun da aka karkatar yanzu daga bakin wani yaro aka fizge shi.

Dole masu rabo su bayyana ƙa'idojinsu a fili, su bi gida gida su tantance da idonsu, su buɗe hanyar kai ƙara ga wanda aka tsallake, sannan su ajiye kyamarorinsu a ranar rabo.