Bambancin "too" da "very" a Turanci

Abin yana damuna yadda ɗalibai da yawa suka ɗauka cewa "too" da "very" duk ɗaya ne, wato "sosai". Ba laifinsu ba ne. A Turancin buroka na Najeriya, in aka ce wa mutum "you too much", yabo ne, kuma kunne ya saba da hakan.

Amma a daidaitaccen Turanci, irin wanda ake rubuta jarrabawar WAEC da shi, "very" ƙarfafa siffa kawai take yi. Ita kuwa "too" cewa take yi abu ya wuce kima, har ya hana wani abu yiwuwa.

Ɗauki kofin shayi. In baƙo ya ce "very hot", shayin da zafi sosai, zai hura ya sha abinsa. In ya ce "too hot", ya cika zafi ke nan, ba zai shawu ba sai an fifita. Mu ma ai mun raba "gishiri ya ji" da "gishiri ya yi yawa". Shi ya sa "too" ta kan jawo "to" a bayanta, kamar "too hot to drink", don a faɗi abin da zafin ya hana.