Ɗan uwa mai waƙa, dakata kafin ka sa hannu

A shekarun 1950 ƙananan kamfanonin fim na Amurka, irin American International Pictures da aka kafa a 1954, suka gano matasa na da kuɗin shiga silima. Sai suka dinga fitar da fina-finai masu arha, baƙi da fari, a gama ɗauka cikin mako ɗaya ko biyu, a haɗa biyu a tikiti ɗaya. Ɗaya daga cikin labaransu shi ne na yaro ɗan daba da ke rera waƙa a gidan abinci, dillalin mawaƙa ya ji muryarsa, kafin ka ce kwabo ga shi a talabijin, sannan tsofaffin abokansa su biyo shi su yi aika-aika komai ya rushe.

Batun abokai gaskiya ne, ƙannena. Wanda kuka yi sara-suka tare ba zai shiryu don ka yi suna ba, kuma laifin da ya yi a ɗakin otal ɗinka da sunanka za a buga shi. Amma fim ɗin ya ɓoye ramin da ya fi cin mawaƙan wancan zamani, wato takardar da suka sa wa hannu.

Frankie Lymon, wani mawaƙin Amurka, yana da shekara 13 waƙar ƙungiyarsu ta karaɗe Amurka a 1956. Mai kamfanin da ya fitar da ita ya sa sunan kansa cikin marubutan waƙar, daga baya haƙƙin ya koma hannun wani mai kamfanin waƙa, Morris Levy. Yaron ya faɗa ƙwaya, ya rasu a 1968 yana ɗan shekara 25. Biyu daga cikin abokan waƙarsa sun ci shari'a kan haƙƙin waƙar a 1992, amma a 1996 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin don sun makara wajen kai ƙara. Chuck Berry ma a 1955 ya tarar da sunayen wasu mutum biyu a kan waƙarsa ta farko, alhali ba su rubuta ta ba.

Saboda haka idan waƙarka ta fashe a TikTok wani ya zo da takarda, ka nemi kwafi ka tafi da shi gida. Mai cewa sai yau-yau, akwai abin da ba ya so ka karanta.

Ka raba abu biyu: haƙƙin baitoci da kari, da kuma haƙƙin sautin da aka naɗa a situdiyo. Kowanne da kuɗinsa, kuma a rubuta sunan wanda ya tsara waƙar tun ranar naɗi. Kuɗin da ake ba ka tun farko kuwa ba kyauta ba ne, daga rabonka za a cire shi, sau da yawa har da kuɗin situdiyo da na bidiyo. Shi ya sa mawaƙi ke cika fili amma aljihunsa wayam. Manaja yawanci kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari yake karɓa. Na Elvis Presley ya kai har kashi 50, kada ka ɗauka haka aka saba. A rubuta shekarun yarjejeniyar da yadda za ka fita. Shafukanka na YouTube da TikTok su zauna da imel ɗinka da lambar wayarka.

Lauyan da zai duba maka takardar kai za ka biya shi, kada ka yarda da na kamfani. In ba ka kai shekara 18 ba, mahaifinka ko waliyyinka ya zauna a wurin, a karanta masa sharaɗi bayan sharaɗi da harshen da yake ji.